Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gurbin Ɗalibin Hausa a Aikin Agajin Gaggawa

Kafin in shiga cikin bayani, ya kamata mai karatu ya san cewa Hausa ba harshen da na buɗi baki da shi ba ne. Ni Bayarabiya ce haifaffiyar Ibadan, a wurin maƙwabta na tsinci Hausa tun ina ƙarama, sannan na zo jami'a domin in san ta da tushe. Saboda haka duk inda aka ga na yi tuntuɓe a gafarce ni.

Babu ɗayanmu a wannan sashe da bai taɓa shan wannan tambaya ba: "To in ka gama karatun Hausar nan, me za ka yi da ita?" Ni kam na sha ta a wurin ƙawaye, na sha ta a wurin kawunnai, har mahaifina ma bai daina yi mini ita ba duk lokacin da na je hutu. Amsar da muka saba bayarwa ita ce koyarwa, ko aikin rediyo da talabijin, ko fassara. Duka waɗannan ayyuka ne masu daraja. Amma ina so in ƙara wani a kansu wanda ban taɓa jin ɗalibin sashenmu ya ambata ba, wato aikin tsara shirin tunkarar bala'o'i da koyar da jama'a yadda za su tsira idan abin ya auku. Ra'ayina shi ne wannan aiki yana bukatar masana harshe kamar yadda yake bukatar injiniyoyi da likitoci, kuma mu ɗaliban Hausa muna barin gurbinmu a cikinsa babu kowa.

Daren da ba na mantawa

Ranar Juma'a 26 ga watan Agusta na shekarar 2011, ana cikin goman ƙarshe na azumi, aka yi ruwan sama na awoyi da yawa a Ibadan. Rafuka suka cika suka tumbatsa, gadoji suka karye, fiye da mutum 100 suka rasu. A lokacin ina da shekara tara, gidanmu kuma yana gangare, ba nisa da rafi. A gidan da ke manne da namu akwai wani Bahaushe mai sayar da albasa da matarsa da 'ya'yansu uku. Matar ita ce wadda nake kira Goggo, kuma a bakinta na koyi "sannu" da "zo ki ci tuwo". Ba ta daɗe da zuwa daga Arewa ba, ba ta fita sosai, Yarabancinta bai wuce gaisuwa ba.

Da ruwa ya fara shiga gidaje, samarin unguwa suka riƙa bi ƙofa-ƙofa suna dukan gidaje suna ihu da Yarabanci cewa kowa ya fito ya haura tudu. Mijin Goggo bai dawo daga kasuwa ba. Ita kuwa da ta ji ihun maza da dukan ƙofa cikin duhu, sai ta ɗauka rikicin ƙabilanci ne ya ɓarke, domin irin labarin da aka sha gaya mata ke nan game da zaman Kudu. Ta kulle ƙofa, ta tura gado ta tokare ta, ta rungume 'ya'yanta. Mahaifiyata ta yi ta kira, ba ta buɗe ba. Daga ƙarshe sai mahaifiyata ta ɗaga ni zuwa taga, na yi ihu da 'yar Hausar da nake da ita: "Goggo, ruwa! Fito! Ruwa ya zo!" Da ta gane muryata sai ta buɗe. Lokacin da muka fita ruwan ya kai wa manya gwiwa. Washegari da muka dawo mun tarar da shaidar ruwan a jikin bango sama da taga.

Samarin nan sun yi iya ƙoƙarinsu, saƙonsu gaskiya ne, kuma ya zo a kan lokaci. Abin da ya rage masa kawai shi ne harshen da Goggo take ji da kuma muryar da ta amince da ita. Tun daga wannan dare nake tunanin mutum nawa ne a ƙasar nan gargaɗi ya iso ƙofarsu amma bai shiga kunnensu ba.

Mene ne aikin?

Idan aka ambaci agajin gaggawa, abin da ke zuwa a zukatanmu shi ne motoci ɗauke da buhunan shinkafa da katifu da gidan sauro bayan ɓarna ta riga ta auku. Wannan wani yanki ne kawai na aikin. Masana fannin sun kasa shi kashi huɗu. Na farko rage haɗari tun kafin ya zo, kamar yashe magudanan ruwa da hana gini a kan hanyar ruwa. Na biyu shiri, wato tsara abin da kowa zai yi ranar da abin ya faru, da koyar da shi, da gwada shi. Na uku kai ɗauki a lokacin da ake cikin masifa. Na huɗu farfaɗowa, wato mayar da mutane gidajensu da gonakinsu da makarantunsu.

Kashi na biyu shi ne ya fi jan hankalina. Mai tsara shiri yakan shiga unguwa ko ƙauye ya zauna da mai unguwa da limamai da shugabannin coci da mata da matasa, ya yi musu tambayoyi masu sauƙi waɗanda amsarsu ke ceton rai. Ina ruwa ya saba biyowa? Ina ne tudu mafi kusa, kuma ta wace hanya za a kai gare shi idan gada ta nutse? Wane gida ne ke da tsoho ko makaho ko mai juna biyu da ba za su iya gudu ba, kuma wa zai ɗauke su? Idan makarantar firamare ce mafaka, a hannun wa makullinta yake da dare? Wa ke da kwalekwale? Ina za a kai dabbobi? Wannan tambaya ta ƙarshe kada a raina ta, domin manomi ko makiyayi yakan ƙi barin gida saboda ba a gaya masa inda zai kai akuyoyinsa ba. Bayan an rubuta tsarin sai a yi atisaye, a buga ƙararrawa a ga minti nawa zai ɗauki mutane su isa mafaka, a gyara inda aka samu cikas. Sannan a koma makarantu da kasuwanni da tashoshin mota a riƙa maimaita darasin har ya zauna.

A Nijeriya hukumar da ke jagorantar wannan aiki ita ce Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999. Kafin ita akwai wata hukuma da aka kafa a 1976 wadda aikinta ya fi karkata ga rabon kayan agaji. Jihohi suna da nasu hukumomin, kuma tsarin ya tanadi a samu kwamitoci a ƙananan hukumomi. Har ila yau akwai hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ke fitar da hasashen damina kowace shekara, da hukumar NIHSA mai lura da koguna wadda ke fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Ke nan bayanai suna nan. Tambayar ita ce ko suna isa ga mai kamun kifi a bakin Kogin Kwara da mai faci a bakin hanya cikin kalmomin da za su sa su motsa.

Abin da tarihi ya koya mana

Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 bama-bamai suka tashi a rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja a Legas. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, kuma akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba. Gudu suka yi cikin firgita ba tare da sanin abin da ke faruwa ko inda ya kamata su nufa ba, suka faɗa cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe samanta. A shekarar 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas, jita-jita ta bazu cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna maganin cutar, har aka samu waɗanda gishirin ya yi ajalinsu a wuraren da cutar ba ta ma je ba. A watan Oktoban 2024 tankar man fetur ta faɗi a garin Majiya na Jihar Jigawa, jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Bayan wata uku kacal, a Janairun 2025, aka sake yin irin wannan a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

Ta fuskar ambaliya kuwa, ta 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 ta kashe fiye da 600. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan irin haka ta faru a 1994. A ƙarshen watan Mayun 2025 ruwa ya afka wa garin Mokwa da asuba ya kashe fiye da mutum 150. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa yawancin masifun nan ba baƙi ba ne, sun saba zuwa, wasu ma an san watan da suke zuwa.

Mu dubi wasu ƙasashe kuma. A 1970 guguwar teku ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da yanzu ake kira Bangaladash. Bayan haka aka kafa shirin horar da 'yan sa-kai a ƙauyuka, mutanen gari ne waɗanda ke yawo da lasifika da tutoci suna sanar da maƙwabtansu da harshensu cewa a tafi mafaka, aka kuma gina mafaka masu yawa. Da wata babbar guguwa mai suna Sidr ta zo a 2007, adadin mamatan da hukuma ta bayar bai kai 4,000 ba. A Japan kuma, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa garin Kamaishi ranar 11 ga Maris na 2011, kusan dukkan 'yan makarantar firamare da ƙaramar sakandare na garin, su kusan 3,000, sun tsira. Dalili shi ne an shekara da shekaru ana koya musu cewa da zarar ƙasa ta girgiza su ruga tudu ba tare da jiran umarnin kowa ba, manyansu suka riƙo hannun ƙanana suka haura. Malaman aji ne suka dasa wannan darasi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina ɗalibin Hausa ya shigo?

Gargaɗi magana ce, kuma zaɓen kalma sana'armu ce. Alal misali, a ce hukuma tana son mutane su bar gidajensu na ɗan lokaci saboda ruwa na tafe. Wace kalma mai fassara zai ɗauka? Idan ya ce "ku ƙaura", mai sauraro zai ji kamar an ce ya bar gidan kakanninsa har abada. Idan ya ce "gudun hijira", zai tuna da yaƙi da sansani da layin karɓar abinci, kuma babu magidancin da ke son wannan suna. Idan ya ce "za a tashe ku", zai zaci gwamnati ce ke shirin rusa unguwar ta ƙwace filin. Wanda ya san Hausa da Hausawa zai ce: "Ku haura tudu ku kwana biyu a makaranta, da ruwa ya janye kowa ya koma ɗakinsa, an sa masu gadin unguwa." Duka jimlolin nan daga sanarwa guda aka fassaro su, amma ɗaya ce kawai za ta fitar da mutum daga gida.

Haka kuma idan aka ce za a yi ruwa milimita kaza, ko yiwuwar ambaliya kashi kaza ce cikin ɗari, tsohuwa a ƙauye ba ta ƙaru da komai ba. Amma idan aka ce mata ruwan zai iya kai wa babban mutum ƙugu, ko zai wuce inda na bara ya tsaya a jikin bangon masallaci, ta fahimta. Wannan aiki ne na wanda ya karanci ma'ana da fassara da al'ada. Bugu da ƙari, mu aka koya wa yadda waƙar baka da wasan kwaikwayo da sanƙira da karin magana suke isar da saƙo. Ɗan gajeren wasan kwaikwayo a rediyo game da saurayin da ya je kwasar man tanka zai iya yin tasirin da takardar sanarwa ɗari ba za ta yi ba. Ƙungiyar Translators without Borders ta ga wannan bukata a Arewa maso Gabas, har ta shirya jerin kalmomin aikin agaji cikin Hausa da Barbarci da wasu harsunan yankin domin ma'aikata.

Mu da muke karatu a Kudu muna da wata dama ta daban. A Sabo da Shasha a Ibadan, da Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, da kusan kowane babban gari na Kudu, akwai dubban masu jin Hausa: 'yan kasuwa, 'yan dako, masu gadi, 'yan acaɓa, da iyalansu. Da yawansu suna kwana a kasuwa ko a gidajen da ke bakin magudanar ruwa, wato inda gobara da ambaliya suka fi yin ɓarna, sanarwar jihohin kuwa da Ingilishi ko Yarabanci ko Ibo ake yin ta. Ni da nake jin Yarabanci da Hausa zan iya tsayawa tsakanin ma'aikacin kashe gobara da Sarkin Hausawan kasuwa kowa ya fahimci ɗan'uwansa. Ga 'yan'uwana mata kuma, akwai gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu, inda namiji ma'aikaci ba zai taka ba, alhali a can ne mata da yara suke, su ne kuma bala'i ya fi rutsawa da su.

Ga masu ja da wannan ra'ayi

Na san wani zai ce wannan fage ne na masu kimiyya. Gaskiya ne, ba ni zan auna zurfin kogi ba, ba ni zan duba ƙarfin madatsar ruwa ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ma masanin harshe dole ya ƙasƙantar da kai ya koyi karanta taswira da taimakon farko da ɗan lissafi, domin wanda bai fahimci abu ba ba zai iya fassara shi ba.

Wani kuma zai ce bala'i ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Babu mai musun ƙaddara. Sai dai Musulmi da Kirista duka sun san labarin Annabi Nuhu da ya sassaƙa jirgi tun ba a ga hadari ba, da na Annabi Yusuf da ya tara hatsi shekara bakwai domin fari mai zuwa. Malamai ma suna karantar da cewa a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Mai koyar da shiri da ya san waɗannan labarai zai samu limami da fasto a matsayin abokan aiki.

Akwai kuma maganar da mahaifina yake yi mini, cewa aikin akwai wahala da haɗari, kuma samun gurbi a hukuma ba abu ne mai sauƙi ba. Wannan ma ba zan musa ba. Ma'aikacin agaji yana ganin gawa, yana kwana a sansani, yana shan zagin mutanen da ransu ya ɓaci saboda kaya ba su iso ba. Wani abin takaicin kuma, idan shirinsa ya yi kyau har ba wanda ya mutu, babu jaridar da za ta buga sunansa. Wanda yake neman suna ko arzikin dare ɗaya ya nemi wata hanya. Sannan ya kamata mu ma mu san iyakarmu. Hausa ba ita ce harshen kowa ba ko a Arewa. A Maiduguri akwai tsofaffin da Barbarci kawai suke ji sosai, a Mokwa akwai Nufawa. Wanda ya ɗanɗani abin da ya faru da Goggo bai kamata ya yi wa wani irinsa ba, don haka aikinmu ya haɗa da nemo masu sauran harsunan mu yi tafiya tare.

Ta ina za a fara?

Ba sai mun jira kammala digiri ba. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana karɓar 'yan sa-kai tana koyar da taimakon farko. A lokacin bautar ƙasa akwai rukunin masu yi wa ƙasa hidima da ke aiki da NEMA wajen wayar da kan jama'a, mutum na iya neman shiga cikinsa. Ga mai son zurfafa karatu kuwa, tun 2009 NEMA ta haɗa gwiwa da jami'o'i shida aka buɗe cibiyoyin nazarin bala'o'i masu ba da babban digiri, ɗaya a kowace shiyya: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna, da Jami'ar Ibadan, da ta Fatakwal, da ta Nsukka. Bayan hukumomin gwamnati, ƙungiyoyin agaji da asibitoci da manyan kamfanoni da gidajen rediyo duk suna bukatar mai wannan ilmi.

Ina kira ga 'yan aji huɗu masu neman batun kundin kammala karatu da su duba wannan fage. Ana iya tattara kalmomin ambaliya da gobara da annoba a tantance su, ana iya nazarin yadda gidajen rediyo ke fassara hasashen damina, ana iya zuwa Sabo a tambayi mutane ta wace hanya labarin haɗari yake riskarsu. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da su ware ranar 13 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin rage haɗarin bala'o'i, mu fita kasuwa mafi kusa da mu kafin sanyin hunturu ya kawo lokacin gobara, mu yi bayani da Hausa kan kashe wutar lantarki kafin a rufe shago, da nisantar tankar da ta faɗi, da kiran lambar gaggawa ta 112. Kai, ko a ɗakunan kwananmu ma, mu nawa ne muka san inda tukunyar kashe gobara take, balle yadda ake buɗe ta? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni dai na yanke shawara, in Allah ya kai ni ga kammala wannan karatu, wannan hanya zan bi, kuma na gaya wa mahaifina haka a hutun da ya wuce. Bai ce ya yarda ba tukuna, amma da na tuna masa daren da aka ɗaga ni zuwa tagar Goggo sai ya yi shiru. Goggo tana nan da ranta, ƙaramin ɗan da ta goyo a daren yanzu ya zama saurayi yana taya mahaifinsa sayar da albasa.

A nan zan dasa aya. Allah ya kiyaye mu da ƙasarmu daga bala'in ruwa da na wuta, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.